Sauyin da Ya Maƙale a Hanya

 Gaisuwa ga mutanen Kekun Waje da Bunguɗu da Tsafe, da ku da ke cikin Gusau kuna jinmu a shago ko a tasha. Sharhinmu na yau na kimiyya ne, amma kada wanda bai yi boko ba ya murɗa akwatinsa, domin rabin zancen a madafinku da maƙerarku da rumbunku yake.

Tun a firamare ake koya wa yaro cewa ruwa yana daskarewa a digiri sifiri, yana tafasa a digiri 100. An faɗa, an haddace, an ci jarrabawa. To ku tambayi yaran da ke sayar da fiya wata. Wani lokaci akan ciro leda daga firiza mai sanyi ƙwarai, ruwa ne tsululu yana kai da kawowa a ciki, ana ɗan buga ta a gefen firizar sai ka ga fari ya taso daga kusurwa ɗaya ya mamaye ledar, kafin ka ƙirga biyar ta zama ƙanƙara. Ruwan nan ya daɗe da wuce sifiri, ya ƙi daskarewa ne kawai. Daniel Fahrenheit, wanda ake kiran wani ma'aunin zafi da sunansa, ya rubuta labarin irin wannan tun 1724. Dalilin shi ne ƙanƙara ba ta tashi sai ta sami inda za ta kafa iri: ƙura, ko kumfa, ko girgiza. Ruwa mai tsabta da aka bari lamo yana iya rasa wannan. Sai dai taurin kansa yana da iyaka. A ci gaba da sanyaya shi, wajen digiri 40 ƙasa da sifiri dole ya daskare, da ƙura ko babu.

Wannan shi ne jinkiri na farko. Akwai na biyu, wanda ya fi shi ban mamaki, kuma shi ne batunmu. Mu je wurin mai alewa.

Tana zuba sukari da ruwa a tukunya, ta matsa lemun tsami ko ta zuba ruwan tsamiya, ta bar shi ya yi ta tafasa. Ruwa yana fita, zafi yana hawa. Ruwan zalla ba ya wuce 100, amma wannan yana doshin 150, kuma a lokacin ruwan da ya rage a ciki bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Ba ta da ma'auni, ba ta kuma buƙatarsa. Ta ɗiga kaɗan a kwanon ruwan sanyi, ta ciro da yatsa. In ya lanƙwashe da saura, in ya karye ƙas, ya yi. Sai ta sauke maza ta juye a tiren da aka shafa wa mai.

Me ya faru a tiren nan? Sukari, in an bar shi da son ransa, ƙwayoyinsa jeruwa suke yi sahu-sahu, kowace a gurbinta. Shi ya sa sukarin shayi yake da kusurwa in ka duba ƙwayarsa da kyau. Amma jeruwa tana son motsi, kowace ƙwaya sai ta juya, ta matsa, ta lalubi gurbinta. Da aka juye a tire, sanyi ya zo da gaggawa, kauri ya ninka ya sake ninkawa, ƙwayoyin suka kasa motsi tun ba su jeru ba. Inda sanyi ya riski kowace, nan ta tsaya. A hannu abin tauri ne da shi, amma in masana suka haska cikinsa da na'ura, hargitsin ruwa suke gani. Duk abin da ya shiga wannan hali, gilashi suke ce masa, ko da na sukari ne. Lemun tsamin nan ma ba don ɗanɗano kaɗai aka sa shi ba. Yana fasa wani kaso na sukarin gida biyu, gutsattsarin su shiga tsakani su hana sauran jeruwa.

Ku gwada da mazarƙwaila. Ita ma daga rake ta fito, amma ana sauke ta tun zafin bai kai na alewa ba, da sauran ruwa a jikinta, kuma ana juya ta tana hucewa. Ƙwayoyin sun sami sarari, sun jeru ƙanana-ƙanana, shi ya sa in ka gutsura kake jin gari-gari a haƙori. Asali ɗaya, hanya daban, abin da aka samu daban.

Yanzu ku riƙe wannan bambanci, don duk sauran zancen a kansa ya rataya. Ruwan leda yana da ikon motsi, iri ne ya rasa, saboda haka ƙarin sanyi zai tilasta masa. Alewa kuwa motsin ne ya ƙare mata, ƙarin sanyi ƙarin maƙalewa ne. Ka sa ta a firiza shekara goma, yadda ka sa ta haka za ka ciro ta. Abin da ke sakinta ɗumi ne ko laima. Kowa ya taɓa ganin mintin da ya daɗe a teburin mai shago a watan Agusta: ya fara danƙo, ya manne da ledarsa, can sai bayansa ya yi fari ya yi gari. Ruwan da ya sha daga iska ne ya sassauta ƙwayoyin, suka ƙarasa tafiyar da aka katse musu tun ranar dahuwa. Busasshen sukari sai ya haura digiri 60 kafin ya saki, amma ɗan ruwa kaɗan yana sauko da wannan iyaka har ƙasa da zafin shagon kwano. A hunturu, da iska ta bushe, mai shago ba ya wannan asara.

In kun bi hanyar Tsafe daga Gusau, ku dubi dutsen Kwatarkwashi. Shi akasin alewa ne. Narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa a hankali, tsawon zamunna, kuma masana duwatsu suna lissafa irinsa a wajen shekaru miliyan 600. Da yake ba a gaggauta shi ba, komai ya sami gurbinsa, shi ya sa in ka fasa ɓarinsa za ka ga ƙwayoyi farare da baƙaƙe da masu ƙyalli, kowace da iyakarta, ido yana ganinsu. Da irin wannan narkakken dutse ya fito sarari daga bakin dutse mai aman wuta ya huce farat ɗaya, baƙin gilashi zai zama. Masagan Bida, masu awarwaro da duwatsun wuya na gilashi, a wannan gefen suke aiki. Ƙarfe ma an taɓa ɗauka ba zai yiwu a mai da shi gilashi ba, saboda ƙwayoyinsa suna da saurin jeruwa. A 1960 Pol Duwez da ɗalibansa a jami'ar Caltech ta Amurka suka narka zinariya da silikon, suka fesa ɗigon a kan ƙarfe mai sanyi, ya huce da saurin kusan digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Ƙwayoyin ba su ankara ba. Yau ana naɗa irin wannan ƙarfe a cikin wasu taransifoma don rage wutar da ke salwanta.

Maƙerinmu ya riga Duwez sanin amfanin gaggawa, ko da yake abin da yake samu ba gilashi ba ne. Ya sayo tsohon sifirin mota, ya sa a gawayi, yaro yana zuga, har ƙarfen ya yi ja. A wannan zafi, sama da digiri 700, sinadarin gawayin da ke cikin ƙarfen ya watsu ko'ina a jikinsa. In ya ajiye shi gefen wuta ya huce da kansa, sinadarin zai tattara ya koma gefe, ƙarfen ya yi laushi. In kuwa ya kama shi da awartaki ya tsoma a ruwa, ji kake cuuu, sinadarin bai sami lokacin fita ba, ya maƙale a tsakanin ƙwayoyin ƙarfe ya takure su. Bakin gatari ya yi tauri, amma taurin gautsi, wanda ke ɓallewa in ya haɗu da kututture. Shi ya sa gwanin maƙeri yake sake ɗumama bakin kaɗan, yana kallon launi yana sauyawa daga ruwan ƙwai zuwa shuɗi, sannan ya janye. Ya saki wani kaso na abin da ya kulle, ya bar saura.

A cikin wutar maƙerin nan wani abu yana faruwa da ido ba ya gani. In ƙarfe ya kai digiri 770, maganaɗisu ya daina kama shi. Ka kusantar da maganaɗisun tsohuwar sifika, ko gezau. Ya huce, ya sake kamawa. Pierre Curie na Faransa ya yi nazarin wannan a 1895, kuma da sunansa ake kiran iyakar. Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe ɗan ƙaramin maganaɗisu ce mai gaba da baya. Ku ɗauka 'yan makaranta ne a filin fareti. In duk sun fuskanci gefe ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu, abin yana ja. In zafi ya yi yawa, kowa ya juya inda ya ga dama, jan ya ɓace. Akwai kuma tsari na uku da Louis Néel, shi ma Bafaranshe, ya bayyana har ya sami kyautar Nobel a 1970: kowane ɗaya ya juya wa maƙwabcinsa baya, wannan gabas wancan yamma, har ƙarshen fili. Tsari ne cikakke, ba hargitsi, amma da yake ƙarfin wannan yana kashe na wancan, daga waje ba ya jan komai.

Akwai abubuwan da ke sauyawa daga tsari na farko zuwa na uku in an sanyaya su, wato daga masu ja zuwa marasa ja. Sauyin ba ya zuwa ko'ina a lokaci ɗaya. Sai sabon tsarin ya kafa iri a wani lungu sannan ya bazu, yadda ƙanƙara ta yi a leda, kuma yana tafe da ɗan karkacewar jerin ƙwayoyin kansu. Tambayar da wasu masana a garin Indore na Indiya suka yi ita ce: tunda sauyin yana buƙatar lokaci, ashe shi ma ana iya katse shi a hanya?

A 2005 M. K. Chattopadhyay da S. B. Roy da Praveen Chaddah suka buga sakamakon gwajinsu. Sun haɗa ƙarfe da wani sinadari mai suna seriyam, suka musanya kashi 4 cikin 100 na ƙarfen da rutiniyam. In an sanyaya wannan haɗi haka kawai, can bayan an wuce digiri 200 ƙasa da sifiri sai ya bar ja ya koma tsarin juya baya. Amma da suka sanyaya shi a cikin ƙarfin maganaɗisu mai yawa, sai sauyin ya fara, bai ƙarasa ba. Ƙarfin da aka ɗora masa ya jinkirta shi, ya tura lokacin sauyin ƙasa, zuwa inda sanyi ya riga ya hana komai motsi. Aka isa kusan digiri 268 ƙasa da sifiri da wani yanki ya sauya, wani yana nan a tsohon halinsa, a cakuɗe, a tsaye cak. Suka sa masa suna gilashin maganaɗisu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ya biyo baya. Da suka fara ɗumama shi, sai jansa ya ragu. Ku lura da kyau: halin sanyi shi ne rashin ja, amma sai da aka ba shi ɗumi sannan ya iya shiga halin sanyin. Da aka ci gaba da ɗumamawa kuma, ya kai inda halin zafi ke karɓa, jan ya dawo. Sauyi biyu a tafiya ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Mintin watan Agusta ke nan, a cikin ƙarfe. Daga baya Alok Banerjee da Chaddah da abokan aikinsu, a wata cibiyar binciken ta Indore, suka mai da wannan hanyar gwaji: a sanyaya abu a ƙarƙashin wani ƙarfin maganaɗisu, a ɗumama shi a ƙarƙashin wani daban. Da wannan ake rarrabe wane hali ne na asali, wane ne maƙalalle, domin maƙalalle ne kaɗai ke warwarewa in ya ji ɗumi. Sun ga haka a wasu haɗe-haɗen manganis. An kuma ga akasinsa a haɗin gadoliniyam da jamaniyam, tare da masana na ɗakin binciken Ames a Amurka, inda rashin ja ne ya maƙale alhali ja ne halin asali.

Yadda mutanen Indore suka fassara abin, tsere ne tsakanin iyaka biyu. Akwai sanyin da in an kai shi dole tsohon hali ya rushe, kamar 40 ɗin nan na ruwa. Akwai kuma sanyin da in an kai shi motsi ya ƙare. Wadda aka fara tararwa ita ke yanke hukunci. Ƙarfin maganaɗisu yana matsar da iyakokin biyu, kuma da yake haɗin ba sumul yake ba, wani lungu ya fi wani rutiniyam, kowane lungu da nasa tseren. Shi ya sa mai gwaji yake iya zaɓar kason da zai maƙale, kaɗan ko da yawa, ta hanyar ƙarfin da ya ɗora lokacin sanyayawa. Guntu ɗaya, a zafi ɗaya, a ƙarƙashin ƙarfi ɗaya, yana iya ba ka amsa iri-iri gwargwadon hanyar da aka bi da shi.

Ba kowa ya yarda da wannan fassara a ko'ina ba. Masana a jami'ar Tohoku ta Japan, ƙarƙashin Ryosuke Kainuma, sun ga sauyi yana tsayawa a haɗin nikel da kobal da manganis da indiyam, kuma da farko su ma sun kira shi maƙalewar motsi. Da suka ƙara aunawa sai suka karkata ga cewa a nasu haɗin abin da ke tura sauyin ne ya daina ƙaruwa da sanyi. Wato akwai wanda ya tsaya don an ɗaure shi, akwai wanda ya tsaya don ba abin da ke tura shi, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. A ganina wannan gardama lafiya ce ga ilimin. Gilashi kansa, na taga da na kwalba, har yau ba a gama fahimtarsa ba. Philip Anderson, wanda ya ci Nobel, ya rubuta a 1995 cewa shi ne wataƙila matsala mafi zurfi da ta rage a ilimin daskararrun abubuwa. Kyautar Nobel ta 2021 da Giorgio Parisi na Italiya ya samu, kan wani ɗan'uwan wannan batu ne, inda ƙananan maganaɗisun ke daskarewa kowane yana kallon wani gefe daban.

Na san wani yana cewa, to Malam, mu da ko fitila ba ta zama, ina ruwanmu da digiri 268 ƙasa da sifiri? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi muku alkawarin da ba shi ba. Akwai abubuwan da ke ɗaukar zafi in an kusanto musu da maganaɗisu, su yi sanyi in an janye. A 1997 Vitalij Pecharsky da Karl Gschneidner na Ames suka gano haɗin da ke yin haka da ƙarfi sosai, aka shiga fatan firij marar gas. Shekaru sun ja, bai iso kasuwar kowa ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne abubuwan da suka fi bayar da sanyin su ne masu irin wannan sauyi mai jan ƙafa. In abu bai sauya ya dawo a kan lokaci ba, wuta ake ƙonawa a banza. Inda maƙalewa ta riga ta shigo gidajenmu shi ne faifan CD da DVD masu gogewa, waɗanda aka yi yayi kafin waya ta kore su. Haske mai ƙarfi ya narka ɗigo a fuskar faifan, ya huce nan take ya zama gilashi, an yi rubutu. Haske mai sauƙi ya ɗumama shi ya jeru, an goge. Stanford Ovshinsky ne ya buɗe wannan fage a 1968.

Amma inda zancen ya fi kusa da mu shi ne abubuwa masu laushi: kunu, kirim, laka, fenti, nono. Fage ne mai zaman kansa a kimiyya, wanda Pierre-Gilles de Gennes ya ci Nobel a kansa a 1991. A nan cunkoso ne ke yin aikin da sanyi ke yi. A 1986 Peter Pusey da William van Megen suka zuba ƙananan ƙwallayen roba, waɗanda ido ba ya gani, cikin ruwa. In ƙwallayen ba su kai rabin wurin ba, abin yana kwarara. In sun ɗan haura rabi, sai su jeru da kansu. In kuwa sun kai wajen kashi 58 cikin 100, sai su kasa jeruwa, kowace maƙwabtanta sun tsare ta. Ba a rage zafi ko digiri ɗaya ba, amma an sami gilashi. Duk macen da ke dama koko ta san ɗan'uwan wannan. Gasarar da ta kwanta a ƙasan roba, in ta caka mata cokali da ƙarfi sai ta cije har ta tsage, in ta karkata robar a hankali sai ta malalo. Tuwon da ya kwana kuma, taurin da ya yi ba bushewa ce kaɗai ba, sitacin ne ke komawa jerinsa a hankali cikin dare, kuma ɗumamen safe narkar da jerin yake yi. Burodi ma haka. Ya fi saurin tsufa a firij fiye da a kan tebur, amma a firiza tsufan yana tsayawa, don can motsi ya ƙare.

Ma'aikatan rigakafi suna ɗauke da wannan ilimi a akwatinsu, ko an faɗa musu ko ba a faɗa ba. Allurar ƙyanda busasshen gari ce a kwalba, an busar da ita tare da sinadarai dangin sukari don su kulle ta. Tana iya yin watanni a haka in an tsare mata sanyi. Da zarar an zuba mata ruwan haɗi, ƙa'ida ita ce abin da ya rage bayan awa 6 a zubar. In kun ga ma'aikaciya tana jiran a taru kafin ta fasa kwalba, ba wulaƙanci ba ne.

Na bar iri a ƙarshe don shi ne ya fi shafar Kekun Waje da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ƙwayar gero ko dawa ko wake abu ne mai rai. To ta yaya mai rai yake wata bakwai a rumbu ba ci ba sha? A 1989 Robert Williams da Carl Leopold a Amurka suka auna ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar masara, suka tarar cewa in ta bushe, ruwan cikinta gilashi yake zama, na sukari da furotin. Duk abin da zai lalace a ciki yana son lalacewa, amma motsi ya yi ƙaranci, sai lalacewar ta koma tafiyar hawainiya. Manomin da ke ɗaukar ƙwaya ya sa a haƙori ya ji ko za ta ce ƙas, gwaji ɗaya yake yi da mai alewa. Masanin iri James Harrington ya bar ƙa'ida ta kimantawa: duk kashi 1 cikin 100 na ruwa da aka rage wa iri, kwanansa yana kusan ninkawa, haka duk ragin digiri 5 na zafin ma'ajiya. A kan wannan aka gina rumbunan iri na duniya, daga na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, da na IITA a Ibadan, har zuwa na Svalbard a ƙasar Norway da aka buɗe a 2008, inda ake ajiye busasshen iri a digiri 18 ƙasa da sifiri. Ba kowane iri ke da wannan baiwa ba. Ƙwallon mangwaro da na kaɗanya da goro, in sun bushe sun mutu, shi ya sa ake shuka su da ɗanyensu.

Da can ba mu cika damuwa da wannan lissafi ba, domin iri rani ɗaya yake yi, daga kaka zuwa shuka, kuma rani yana tsare shi da kansa. Yanzu kuwa, da halin tsaro ya sa gonaki da yawa a yankin nan suke kwana ba a shuka su ba, akwai mai riƙe da irin gidansu yana jiran baɗi. Wannan iri zai ratsa damina a ajiye, kuma damina ce ke sakinsa. Laimar Yuli da Agusta tana shiga buhu, gilashin cikin ƙwaya ya sassauta, tsufa ya kama gudu. Ƙwayar tana nan da kyanta a ido, a tuƙa tuwo da ita ba laifi, amma a ƙasa ba za ta tashi ba.

Saboda haka a busar da iri sosai tun hunturu yana nan, a inuwa mai iska ko rana mai sauƙi, kada a shanya a kan kwano ko kwalta mai ƙuna. Wanda ke shakka, ya sami kwalba busasshiya, ya zuba ƙwayar da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bari ta ɗan jima ya sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa. Sai ya bushe sannan a rufe shi a jarka ko buhu mai leda biyu a ciki, domin rufe iri mai laima ya fi barinsa a buɗe muni. A ɗora a kan katako, nesa da bango da rufin kwano, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙawa ana ruwa. Gyaɗa, da yake mai gare ta, ta fi hatsi saurin mutuwa, a bar ta cikin ɓawonta sai shuka ta zo. Sati biyu kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 daga tsakiyar buhu, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. In sun yi kaɗan, da sauran lokacin neman wani kafin ruwan shuka ya sauka.